Dabarar da Na Bayar Kyauta a Fada

A shekarar da abin ya faru, ga abin da nake da shi a Agadas: shagon kayan gyaran mota mai ƙofa biyu kusa da tasha, da rumfa a gabansa wadda da wuya direba ya nufi arewa bai zauna ƙarƙashinta ba, da kuma aboki ɗaya na ƙuruciya wanda na sha wuya kafin in wuce shi. Shagon da gumina na kafa shi, daga tallan buji, wato fulogin mota, a cikin kwali. Rumfar direbobi ne suka yi mata suna. Na ukun ban taɓa gaya wa kowa ina lissafa shi cikin dukiyata ba, amma ina lissafawa, kuma shi ne wanda na fi tsaro.

Abokin nan nawa unguwarmu ɗaya, malaminmu na allo ɗaya. Shi ya yi lekol, makarantar boko ke nan, ni ban yi nisa ba. Lokacin da Turawa ke zuwa kallon hamada, shi ne jagoransu. Yana da faransanci mai santsi, yana da baƙin tabarau, yana naɗa rawani irin wanda ake ɗauka hoto. Ya sha wuce ni a gaban mota ina tsugune da kwalina, ya ɗaga mini hannu. Ba wulaƙanci yake yi ba, gaisuwa ce ta gaskiya, amma ni ƙurar motar nake haɗiya. Da baƙin suka daina zuwa, sai ya sauko ƙasa. A daidai lokacin aka fara samun zinari a arewa, motoci suka yi yawa, hanya tana cin ƙarfe, ni kuwa ƙarfe nake sayarwa. Na hau, shi ya buɗe ɗan shagon fotokofi da cajin waya a lungun da ke bayan nawa. Kullum bayan la'asar yakan zagayo rumfata shan shayi. Har yau muna kiransa Madugu, da tsokana, shi kuma yana kirana Alhaji, ba da tsokana ba.

Ɗiyarsa ta fari ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta dawo da takarda amma ba aiki. Wata rana sai ya zo da ita fada, wato zaman shayin nan da muke yi a rumfata. Mace ba ta zama a fadarmu, don haka na sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofar shago, nesa kaɗan da tabarma, ta ɗora ordinatar a cinya. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce ta iya gina aplikasiyo, irin abin nan da ake sawa a waya a taɓa ya yi wa mutum aiki. Ginin ba ya yi mata wuya. Abin da ba ta sani ba shi ne me mutanen garin nan ke bukata har su biya. Ta ce a Yamai idan ana neman irin wannan, taruwa ake yi kowa ya zubo abin da ya zo masa a kai, mai kyau da marar kyau, daga baya a tsince.

"Sharaɗi ɗaya ne, iyayena," in ji ta. "Muddin buta tana kan wuta, ba wanda zai kashe maganar wani."

Mai yi mana shayi maƙerin azurfa ne, kuma maƙeri a garin nan bakinsa ba shi da linzami, kowa ya san haka kuma ba a fushi da shi. Ya ce, "To, ɗiyata, kin hana Alhaji sana'arsa. Shi kashe maganar mutane ne abincinsa."

Aka yi dariya, aka fara.

Maƙerin ne ya buɗe. Ya ce a yi wanda zai nuna sarƙoƙinsa ga Turawan da suka ƙi zuwa, tunda su sun ƙi, azurfar ta bi su gida. Wani tsohon direba da ya fi kowa sanin hanyar Sigidin ya ce a yi wanda zai gaya wa mutum wace rijiya ke da ruwa kafin ya ƙona mai ya je ya tarar da yashi. Wani mai kawo albasa daga lambunan cikin duwatsu ya ce shi farashin Damagaram yake so ya sani tun kafin ya ɗora buhu. Madugu ya kawo na raƙuman da suka ɓata: a ɗauki hoton tambarin da ke wuyan raƙumi, duk wanda ya gan shi a daji, ko a Adarbisnat ne, ya sanar. Maƙeri ya sake tsoma baki, ya ce a yi wanda zai riƙa gaya wa mai gida tun daga hanya ko fuskar uwargida a sake take, don ya san ko ya biya ta wurin mai tsire. Yarinyar tana dariya tana bugawa a ordinatar, ba ta yar da ko ɗaya ba.

Ni ban ce komai ba, kuma ba don ba ni da abin faɗa ba ne. Na daɗe ina juya wata dabara a raina. Direba idan motarsa ta mutu, yawo yake yi shago shago da mataccen ƙarfe a hannu yana tambaya. Na ce da za a sami abin da zai ɗauki hoton ƙarfen, nan take waya ta nuna masa wane shago ke da shi da nawa ne, mai aplikasiyo kuma ya ci ladansa a kan kowane ciniki, da an gama. Na tabbata wannan ta fi duk abin da aka zuba a tabarmar nan.

Amma ni ɗan kasuwa ne, kuma akwai abin da kasuwa ta koya mini tun ina da kwali. Idan mai saye ya shigo, ba ka fara fito masa da mai kyau. Ka ɗauko na tsakiya ka ajiye, ka dubi fuskarsa, ka ji nauyin aljihunsa. Mai kyau yana ƙarƙashin tebur har sai ka san da wa kake magana. Haka nake yi da pompo, haka nake yi da radiyatar, ban ga dalilin da zai sa in yi dabam da dabara ba. Balle a gaban mutum shida, ɗaya daga cikinsu maƙeri.

Da aka zuba kofi na uku, yarinyar ta juyo.

"Baba Alhaji, kai kaɗai ka rage."

"Ni ɗan kallo ne, ɗiyata."

"A'a, wallahi ba ka isa ba," in ji maƙeri. "Ka sha shayi uku, sai ka biya da magana."

Sai na laluba na ɗauko na tsakiya, ko ma na ƙasa. Da safiyar ranar wani direba ya zauna a rumfata yana dafe kai. Wani mai haƙar zinari, mutumin wajen Maradi, ya ba shi saƙon baki ya kira uwarsa idan ya iso gari, saboda can wurin haƙa ba rezo, waya ba ta kamawa, wayar satelit kuwa ta manyan masu ramuka ce, talaka ba ya iya minti ɗaya. Direban ya iso, ya kira tsohuwar, sai ya tarar ya manta rabin saƙon, kuma ta ƙi yarda ɗanta na da rai tunda ba muryarsa ta ji ba. Wannan ne ya faɗo mini.

Na ce, "To ku yi wanda zai ɗauko muryar mutane a bayan mota kamar buhun gawayi. Mai haƙa ya yi maganarsa, direba ya loda, in ya shigo gari ya sauke."

Fada ta fashe da dariya. Tsohon direba ya ce shi ba zai ɗauki muryar Bamaradi ba sai an auna ta a sikeli, don sun cika surutu. Na ji daɗi, na biya shayina da wasa, dabarata tana nan a ƙarƙashin tebur.

Yarinyar ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta daina bugawa, ta dubi tsohon direba.

"Baba, masu haƙar suna da waya a can?"

"Kowa na da ita. Waƙa suke ji da ita, da hasken tocila."

"Waƙar yaya suke samunta, tunda ba rezo?"

"Haɗa wayoyin suke yi kusa da juna, wannan ta zuba wa wannan."

Ta ce, "Voilà," a hankali, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da bugawa. Na ga fuskarta. Na san irin wannan fuskar, ita mai saye ke yi idan ya ga abin da ya zo nema kuma yana ƙoƙarin kada ka gane. Amma na ce a raina yarinya ce, ba ta san inda kuɗi yake ba. Wa zai yi arziki da gaisuwar talakawa?

Bayan ƴan kwanaki Madugu ya zo fada da rawaninsa na Juma'a, alhali ba Juma'a ba ce. Bai bari an gama kofin farko ba ya gyara zama. Ya ce ɗiyarsa ta tsince duk abin da aka zuba, ta zaɓi maganata. Ta gwada da waya biyu a tsakar gida, abin yana yi: mai haƙa zai yi maganarsa, ya sa lambar wanda yake so ya ji, ya zuba a wayar direba, motar na shigowa inda rezo yake saƙonnin su tafi da kansu. Amsa kuma ta bi mota ta koma.

"Alhaji, maganar taka ce," in ji shi. "Ba zan ci haƙƙinka ba. Ka shigo mu yi uku, ni da kai da ita. Ko ba ka sa komai ba, kasonka na nan."

Kowa ya juyo yana kallona. Abu biyu na auna a lokacin. Na farko, ina son ƙarfina ya tafi ga tawa dabarar, ba ga wannan ba. Na biyu, idan na karɓa, na zama abokin tarayyar mai fotokofi, kafaɗa da kafaɗa, a gaban mutanen da suka saba ganin ni ne ke ba shi. Sai na ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"Haba Madugu. Maganar shayi ce. Na ba ka ita kyauta, kai da ɗiyarka, duniya da lahira. Allah ya sa albarka."

Maƙeri ya ɗaga buta sama ya ce, "Mun shaida! Jama'a kun ji, Alhaji ya yi kyauta. A duba ko hadari ya taso."

Aka shafa fatiha. A wurinmu kyautar da aka yi a gaban shaidu aka shafa mata fatiha ta fita hannunka ke nan, ko gona ce. Na koma gida ranar ina jin kaina babban mutum.

Tawa dabarar ban kai wa yarinyar ba, don kada ubanta ya ji. Na nemi wani mai irin aikinta a Yamai, muka yi ta waya, ya gina mini. Ya yi kyau, har da hoton shagona a farko. Sannan na bi sauran masu sayar da kayan mota ɗaya bayan ɗaya, na nuna musu, na ce kowa ya sa kayansa da farashinsa. Duk suka yaba, suka ce Alhaji ka yi tunani. Da na buɗe bayan sati biyu in ga abin da suka sa, sai na tarar da duk mataccen kayan da ke garin Agadas a wuri ɗaya: fitilun motocin da aka daina yi, amortisar da ta shekara tana tsatsa, murfin tankin da ba ya hawa kowace mota. Ba wanda ya sa abin da direba ke nema, ba wanda ya sa farashin gaskiya. Na yi fushi, na buɗe shafina don in nuna musu yadda ake yi, sai na ga ni ma na tsakiya na sa. Hannuna ne ya yi, ban ma yi shawara da shi ba. Direbobi suka buɗe sau ɗaya, suka yi dariya, suka koma yawo da ƙarfe a hannu.

Su kuwa a lungun baya sun fara da wayar tsohon direban nan. Ranar da ya dawo tafiyarsa ta farko ina rumfa. Ya ce tun daga nesa da gari, da wayar ta kama rezo, ta fara kuka a aljihunsa ba ta tsaya ba, har ya ɗauka lalacewa ta yi. Kafin ya kashe mota, wata tsohuwa daga ƙauyen Tawa ta kira shi tana kuka tana sa masa albarka. Yana ba da labarin idonsa na kawo ruwa, mutumin da na sani shekara da shekaru ban taɓa ganin ya tausaya wa ko ɗan akuya ba. Na ce masa madalla. Shayin ranar bai yi mini daɗi ba.

Abin da suke karɓa a kan kowane saƙo bai kai kuɗin kofin shayi ba, kuma direba na da rabonsa a ciki. Na yi lissafin a kaina na ce ba zai kai su ko'ina ba. Abin da ban lissafa ba shi ne yawan uwaye. Kowane mai haƙa yana da uwa, yana da mata, yana da wanda yake bi bashi, kuma duk suna son amsawa. Waɗanda ke cikin gari ba su iya taɓa wayar ba sai suka riƙa zuwa shagon Madugu, yarinyar ta riƙe musu su yi magana. Madugu ya fitar da injin fotokofi ya sa benci. Ya ɗora faifan hasken rana a rufi, ya ja rezo mai ƙarfi. Direba kuma kafin ya tashi dole ya biya can ya kwashi amsoshi ya karɓi rabonsa. Mutum ba ya tsayawa wuri biyu da safe. Inda ya tsaya nan zai sha shayi.

Haka rumfata ta fara yin fili. Ba wanda ya yi faɗa da ni. Na sayi firiza na sa ruwan sanyi, na canza ganyen shayi zuwa mai tsada. Sukan zo su sha ruwan, su ce Alhaji Allah ya saka, su zagaya lungu. Maƙeri ma ya ɗauke butarsa, ya ce shi inda kunnuwa suke nan yake zuwa. Na koma ina bin doguwar hanya zuwa masallaci don kawai in wuce ta bakin lungun in ga motoci nawa ke tsaye. In sun yi yawa in ji zafi, in sun ragu in ji sanyi, kuma ba su cika raguwa ba.

Na so ƙwarai a ce ya ci amanata. Da ya ce dabarar tasa ce, da na sami abin riƙewa, in zauna a rumfa in ba da labarin yadda aka cuce ni. Bai ba ni wannan ba. Wani gidan rediyo na gari ya yi hira da shi, ina shago ina ji, faransancin nan nasa ya dawo sabo kamar an wanke. Aka tambaye shi daga ina tunanin ya fito, ya ce daga bakin wani ɗan'uwansa ɗan kasuwa, mutum mai hannu sake, wanda ya ba shi kyauta bai nemi komai ba. Washegari mutane suka riƙa tsayawa suna yaba mini halin kirki. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Har wurin malaminmu na je, wani dattijo da ke koyarwa a zaure kusa da tsohon masallaci. Na zagaya, na ce wani ne ya aiko ni. Na ce idan mutum ya yi kyauta bai san darajar abin ba, daga baya ta bayyana, yana da hanyar komawa?

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da bakinsa ya bayar?"

"Da bakinsa."

"Wanda aka ba ya karɓa, ya yi wahala a kai?"

"Ya yi."

"To ka gaya wa wanda ya aiko ka, Alhaji, ya je ya yi wa Madugu barka."

Na je na yi barkar. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo mini lemo, ya sake cewa ƙofa a buɗe take in ina so. Na ce abin da na bayar na bayar. Wannan karon ba girma nake nema ba. Na san in na shiga yanzu, a matsayin wanda aka tausaya wa zan shiga.

Yarinyar ce ta raka ni bakin lungu. Ta ce direbobin da motarsu ta mutu a hanya sun fara ba wa masu wucewa saƙon murya suna neman kaya, kuma ba ta san wa za ta tura wa ba. Ko zan karɓa? Na ce ta turo. Ciniki ciniki ne.

Yanzu kusan kowace safiya wayata na kawo mini muryar wani da ke zaune a inuwar motarsa can bayan Sigidin, yana kwatanta mini ƙarfen da ya karye, iska na busawa a bayan maganarsa. Ina ɗaurewa in ba motar da ke tashi. Mutumin da ke cikin hamada ba ya taya farashi, ni kuma ba na cutarsa, don zai dawo. Ban taɓa sayar da kaya kamar na waɗannan shekarun ba. Na ƙara ƙofa ta uku, na sayi filin da ke gefen gidana.

Kwanan baya ina tsaye a bakin shago wani baƙon direba ya wuce yana waya, yana yi wa wani kwatance. Na ji ya ce, "Ka san gidan muryoyi? To akwai wani mai kayan mota a bayansa, nan za ka same ni."

Shagona ne ke bakin titi, nasa ne ke lungu. Na tsaya na auna abin yadda nake auna kowane ciniki. Ta wajen kuɗi na ci riba, riba mai kyau, kuma ta hannunsa ta zo. Ta wajen abin da na fi tsaro, an mayar da ni bayansa, inda na fito. Na haɗa biyun, na cire wannan daga wancan, kuma ni dai a wurina faɗuwa ce.